Babi na Bakwai: Ƙusa Ɗari Huɗu, Nakiya Ɗaya

Layin da mai tonon nakiya yake aiki a ciki faɗinsa mita ɗaya ne tak. A gabansa akwai sanda a kwance, ita ce iyaka tsakanin ƙasar da aka tabbatar da lafiyarta da wadda ba a san cikinta ba, kuma gwiwarsa ba ta ƙetare sandar nan. Sanye yake da sulke daga wuya zuwa cinya, fuskarsa a bayan garkuwar roba mai kauri wadda numfashinsa ke dusashewa in rana ta take. Kafin ya taɓa komai sai ya zura wata siririyar waya cikin ciyawa ya ɗaga ta a hankali, ko akwai zaren tarko. In babu, ya datse ciyawar da almakashi kaɗan-kaɗan ya aje a bayansa. Sannan ya ɗauko na'urar gano ƙarfe ya bi saman ƙasar da ita. Da ta yi kuka sai ya sa alama, ya ja baya kamar taƙi ɗaya, ya soma tono daga gefe da ɗan cokalin magina, yana kankare ƙasa har ya iske abin ta haƙarƙarinsa. Ba a zuwa wa nakiya ta sama, don ta nan take jiran nauyi.

Bayan duk wannan taka-tsantsan, abin da yakan fito ƙusa ce mai tsatsa. Ko kwanson harsashi, ko murfin kwalba, ko guntun gwangwanin kifin da wani soja ya ci ya yar tun kafin a haifi mai tonon. Sai ya jefa a bokiti, ya matsar da sandar gaba, ya sake daga farko. A haka yini guda zai ƙare, sau da yawa bai share murabba'in mita 50 ba.

Wani rahoto da cibiyar bincike ta RAND da ke Amurka ta fitar a 2003 ya kawo lissafin Kambodiya: tsakanin 1992 da 1998 masu aikin sun tono abubuwa kusan miliyan 200, amma nakiyoyi da sauran abubuwa masu fashewa a cikinsu ba su wuce 500,000 ba. Wato a duk tono 400, ɗaya ne na gaske. Sauran 399 tarkace ne, amma kowanne an tono shi da irin fargabar da za a tono nakiya, domin na'urar ba ta bambancewa. Wanda ya riƙe wannan lissafi a kai ya fahimci abin da ake nema wajen masu ƙere-ƙere. Gano nakiya kansa an daɗe da iya shi. Abin da ke cinye shekaru da kuɗi shi ne tono inda babu ita.

Na'urar da ake ta fama da kukanta tsohuwa ce. Wani hafsan sojan Polan, Józef Kosacki, shi ya ƙera irinta mai ɗaukuwa a hannu a 1941 yana zaune a Sukotilan, kuma a shekarar da ta biyo sojojin Birtaniya suka yi amfani da ɗaruruwanta a yaƙin El Alamein cikin hamadar Masar. A lokacin nakiyoyi da yawa jikinsu ƙarfe ne, ganinsu ba wuya. Masu ƙera nakiya ba su yi barci ba, suka koma roba. M14 ta Amurka, Type 72 ta Sin, PMA-2 ta tsohuwar Yugoslabiya, da R2M2 da sojojin Rodeshiya suka jera a iyakarsu da Mozambik a shekarun 1970, duk ƙarfen da ke cikinsu bai wuce ɗan abin da ke buga kan nakiyar ba. Dole aka ƙara wa na'urori kaifin ji, kuma na'urar da za ta ji wannan ɗan ƙarfe a zurfin santimita 13, wanda shi ne zurfin da ƙa'idojin duniya suka ɗauka a matsayin ma'auni, to za ta ji kowace ƙusa da ke filin.

Ga kuma ƙasar kanta. Jar ƙasa mai marmara, irin wadda ta cika sassan Angola da Mozambik da Kambodiya, tana ɗauke da sinadarin ƙarfe, sai na'ura ta yi ta kuka ba komai a ƙarƙashi. Maganin wannan ya zo ta wata hanya da masu karatu a Agadas da Sudan za su gane. Kamfanin Minelab na Ostireliya ya yi suna ne wajen ƙera wa masu neman zinari na'urar da ke iya toshe kunne daga hayaniyar jar ƙasa, kuma wannan dabarar ce ya sa cikin na'urarsa ta F3 da masu tonon nakiya ke riƙewa a ƙasashe da dama. Irin na'urorin da matasa suka yi ta saɓawa a kafaɗa zuwa Jado ta arewacin Nijar lokacin da zinari ya fashe a 2014, da waɗanda ake duba gonakin Angola da su, 'yan ɗaki ɗaya ne.

Ci gaba mafi amfani a wannan fanni, a ganina, ba ya ɗaukar ido ko kaɗan. Haɗa na'urar gano ƙarfe aka yi da radar mai leƙa cikin ƙasa a kan sanda guda. Radar ɗin tana aika igiyar rediyo ƙasa ta saurari abin da ya dawo, kuma ba ruwanta da ƙarfe, jiki take nema, wani abu mai kauri da ya bambanta da ƙasar da ke kewaye da shi. In ƙarfe ya yi kuka radar ta yi shiru, ƙusa ce. In duka biyun suka amsa, to a durƙusa da kyau. Sojojin Amurka aka ƙera wa irin wannan na'ura mai suna HSTAMIDS, daga baya ƙungiyoyin HALO Trust da MAG na Birtaniya suka fara aiki da ita a Kambodiya wajen 2006, aka kuma kai ta Zimbabuwe. A filayen da ta karɓa, tana ware kusan tara cikin goma na tarkacen, a tono su da sauri ba tare da ɓata lokaci ba. Sai dai tana da tsada, tana son ma'aikaci mai horo na musamman wanda kunnensa ya saba da sautukanta, kuma jiƙaƙƙen yumɓu yana shanye igiyar radar ɗin.

Akwai hanyar da ba ta bi ta kan ƙarfe ko jiki ba, wato wari. Nakiya komai rufinta tana fitar da ɗan ƙamshin sinadarin da ke cikinta, yawanci TNT, ya ratsa ƙasa ya taru a sama. Karnuka sun daɗe suna wannan aiki a Afganistan da Bosniya, an ma gwada ƙudan zuma a Kuroshiya. Amma dabbar da ta fi jan hankalin duniya ita ce wadda Bahaushe ya san ta a bakin rumbu da bayan gida: gafiya.

Wani ɗan Beljiyam, Bart Weetjens, wanda ya yi kiwon ɓeraye tun yana yaro, shi ya kafa ƙungiyar APOPO a 1997, kuma a 2000 aka mayar da cibiyar horon zuwa Jami'ar Aikin Gona ta Sokoine da ke Morogoro a Tanzaniya. Gafiyar da suke horarwa ta gabashi da kudancin Afirka ce, 'yar'uwar tamu ta kusa, da kumatunta na tara abinci da komai. Gafiya tsira da na bakinki, in ji kirari, kuma da wannan kwaɗayin aka kama ta. Tun tana 'yar makonni ake saba mata da hannun mutum da hayaniya. Sai a koya mata cewa in ta ji ƙarar wani ɗan abu da mai horo ke latsawa, ayaba na tafe. Daga nan ba za a latsa ba sai ta sa hanci a ramin da ke da warin TNT. Sannan a fita da ita fili, a binne 'yan ƙwallayen tace shayi masu ɗauke da sinadarin, har a kai ta filin da aka binne nakiyoyi na gaske waɗanda aka cire wa kai. Horon yana cin wata tara zuwa shekara. A jarrabawar ƙarshe dole ta gano duk abin da aka binne, in ta tsallake ko ɗaya sai ta koma aji.

A fagen aiki mutum biyu ke tsayawa a kan layuka biyu da aka riga aka share, igiya a miƙe tsakaninsu, gafiyar cikin 'yar riga da aka maƙala a igiyar. Ta tafi ta dawo, hanci a ƙasa, su kuma su matsa rabin mita. In ta ji wari sai ta tsaya ta karci ƙasa, a rubuta wurin. Nauyinta bai cika wuce kilo ɗaya da rabi ba, nakiyar da ake dasa wa mutum kuwa yawanci tana son kilo biyar ko fiye kafin ta tashi, don haka tana bi ta kanta lafiya lau. Ƙusa ba ta dame ta ba. APOPO ta ce gafiya ɗaya tana duba murabba'in mita 200 cikin kamar rabin awa, filin da mai na'ura zai iya kwana huɗu a kai in tarkace sun yi yawa. Da sassafe take aiki domin dabbar dare ce, ba ta jure rana, har man kare zafin rana ake shafa mata a kunne da wutsiya.

Wata gafiya mai suna Magawa, wadda aka haifa a Morogoro aka kai ta Siem Reap a Kambodiya, ta gano nakiyoyi 71 da wasu abubuwa 38 da ba su fashe ba kafin a yi mata ritaya a 2021. A 2020 ƙungiyar kula da dabbobi ta PDSA a Birtaniya ta rataya mata lambar zinari, ita ce ta farko a dangin ɓeraye. Ta mutu a Janairun 2022. A 2025 wata mai suna Ronin ta zarce ta, bayan ta gano nakiyoyi 109 a lardin Preah Vihear. Labaran suna da daɗi, suna kuma kawo gudummawa. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne kafin gafiya ta shiga fili sai an sare ciyawa, an buɗe layukan da masu riƙe ta za su tsaya, kuma in ta karci ƙasa mutum ne zai je ya tono. Babban amfaninta, in aka duba da kyau, shi ne filayen da ta bi ta fita ba ta karci ko'ina ba.

Injuna kuwa nasu mai sauƙin faɗi ne. Akwai masu dukan ƙasa da sarƙoƙi, dabarar da ita ma aka gwada tun El Alamein, akwai masu niƙa ta da haƙora, irin MV-4 na kamfanin DOK-ING na Kuroshiya da ake tuƙawa daga nesa. Suna da sauri a fili mai laushi, amma sukan tsallake nakiya ko su cilla ta gefe ba ta fashe ba, ga shan mai, ga wahalar kayan gyara a daji. Shi ya sa aka fi sa su sare ciyawa da sassauta ƙasa, mutane su biyo baya. A tsibiran Falkland, inda sojojin Ajantina suka dasa nakiyoyi a 1982, manyan motocin haƙa masu sulke ne suka kwashe tudun rairayi aka tankaɗe, amma ƙwararru 'yan Zimbabuwe ne suka yi aikin hannun har aka kammala a Nuwamban 2020.

Fannin yana jan masu dabara, wasu da kyakkyawar niyya, wasu a'a. Massoud Hassani, ɗan Afganistan da ya yi karatun zane a Holan, ya ƙera wata ƙatuwar ƙwallo ta gora mai ƙafafun roba wadda iska ke garawa ta tattaka nakiyoyi. Ta yi kyau har wani babban gidan adana kayan fasaha a New York ya baje ta, amma ba manomin da zai sa garma a gona don ƙwallo ta bi ta wani sashenta yadda iska ta ga dama. Ƙa'idar aikin ita ce a fitar da duka, kuma a iya nuna kowane taku da aka duba. Na biyun ba shi da uzuri. Wani ɗan Birtaniya, James McCormick, ya sayar wa Iraƙi da wasu ƙasashe wata aba mai eriya da ya ce tana jin bam daga nesa, kowace ɗaya har dala 40,000. Ba komai a cikinta, kwaikwayon wani abin wasa ne na neman ƙwallon golf. An ɗaure shi shekara goma a 2013, bayan 'yan sanda sun daɗe suna tsaron shingaye a Bagadaza da ita a hannu.

Darasin da ya sauya aikin gaba ɗaya ba daga ɗakin ƙere-ƙere ya fito ba. A shekarun 1990, in saniya ta taka nakiya a gefen ƙauye, sai a zana dajin gaba ɗaya a taswira a ce fili ne mai nakiya, a tura mutane su bi shi taƙi-taƙi. Aka wayi gari an kashe miliyoyin daloli ana share filayen da ko ɗaya ba a samu ba. Daga nan aka koma tambaya kafin tono. Ayari ya zauna da dagaci da tsofaffin sojoji da makiyaya da mata masu itace: ina aka yi sansani, ina aka taɓa jin fashewa, wane fili ake nomawa shekara da shekaru ba abin da ya faru? Wanda ba hujja a kansa a soke shi daga taswira. Wanda ake kokwanto a tsaga shi da layukan gwaji, da inji ko kare ko gafiya, a rage shi. Abin da ya saura shi za a tono. Duk bayanan suna shiga manhajar IMSMA da cibiyar Janiba mai kula da wannan aiki ta samar, wadda aka fara amfani da ita a Kosobo a 1999. Da haɗin wannan tsari da aikin hannu Mozambik ta kai ga shelar kammala filayenta da aka sani a Satumban 2015, bayan HALO kaɗai ta fitar da nakiyoyi sama da 171,000.

A nan ne jirage marasa matuƙi suka samu gurbinsu, kuma ɗaya daga cikin gwaje-gwajen da suka fi ma'ana a maƙwabtanmu aka yi shi. Arewacin Chadi, yankunan Borku da Ennedi da Tibesti, yana ɗauke da nakiyoyin yaƙin da aka yi da Libiya a kan zirin Awuzu, wanda ya kai ƙololuwa a Wadi Dum a 1987. Daga 2018 ƙungiyar Humanity & Inclusion da kamfanin Mobility Robotics suka yi ta tashin ƙananan jirage a kewayen Faya. Da kyamara ta yau da kullum ma an ga abubuwa da yawa ba tare da kowa ya taka wurin ba: ƙonannun motocin yaƙi, ramukan fashewa, ƙasusuwan raƙuma, nakiyoyin da iska ta yaye wa rairayi suna jere a layi. Sai aka ɗaura kyamarar da ke ganin zafi. Rairayin da ke saman nakiya ba ya ɗumama ko hucewa daidai da na gefensa, saboda abin da ke ƙarƙashi yana tare tafiyar zafin. A wasu sa'o'i na dare da asuba bambancin yana fitowa a hoto, da'ira-da'ira a jere, nakiyoyin da suka shekara 30 a binne. Wannan ya yiwu ne saboda hamada ce, busasshiya, ba ciyawa. A gonar damina ko ƙarƙashin bishiya kyamarar ba ta ganin komai, kuma in tudun rairayi ya hau kan filin, shi ke nan.

Yukiren ta ɗauki dabarar ta faɗaɗa. Bayan mamayar Rasha ta 2022 an ƙiyasta murabba'in kilomita 174,000 na ƙasar suna iya ɗauke da nakiyoyi ko harsasan da ba su fashe ba. Zuwa ƙarshen 2024 adadin ya sauko zuwa kusan 139,000. Abin da aka cire ya kai kusan rabin faɗin jihar Borno, kuma akasarinsa ba tono shi aka yi ba, bincike ne ya wanke shi, da tambayar mutane da hotunan tauraron ɗan'adam da na jirage, waɗanda yanzu ake koya wa kwamfuta ta duba dubbansu ta nuna rami ko gwadaben tanka ko nakiyar da ke kwance a sarari. Kwamfutar tana iya cewa ga wani abu nan. Har yau ba hukumar da ke karɓar shirunta kaɗai a matsayin shaidar cewa fili ya tsarkaka.

Duk wannan yana faruwa ne a daidai lokacin da Yarjejeniyar Ottawa ta 1997, wadda ta haramta nakiyoyin da ake dasa wa mutane, take rasa mambobi: a 2025 Polan da Finlan da ƙasashen Baltik uku suka sanar da ficewa saboda tsoron Rasha. Rahoton Landmine Monitor ya ƙidaya mutum 5,757 da aka kashe ko aka raunata a 2023, kashi 84 cikin ɗari fararen hula.

Yankin Tafkin Chadi yana da tasa matsalar da yawancin na'urorin nan ba don ita aka ƙera su ba. Nijar tana da tsohon fili irin na littafi, nakiyoyin Faransa na zamanin mulkin mallaka a kewayen barikin Madama can arewa. Amma abin da ke kashe mutane a Borno da Yobe da Adamawa da Diffa haɗin hannu ne: jarka ko tukunya ko bututu cike da abin fashewa, katako biyu da 'yar waya a tsakani, da batir. Kowanne da sigarsa, ba a rubuta inda aka sa shi, kuma ba shekara 30 ya yi a ƙasa ba, watakila daren jiya aka binne shi a hanyar da sojoji suka duba shekaranjiya. A ƙarshen Afrilun 2025 irin wannan ya hallaka aƙalla mutum 26 a hanyar Rann zuwa Gamboru Ngala. Inda ake cikin yaƙi ba a kafa layukan gafiya, kuma farar hula ba ya tashin jirgi maras matuƙi a sararin da mayaƙa ma suke tashin nasu. Shi ya sa aikin MAG da hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da nakiyoyi a arewa maso gabas ya fi karkata ga wayar da kan jama'a, musamman yara masu tsintar ƙarafa su sayar, da kuma rubuta duk inda abu ya fashe ko aka ga wani abu, da rana da wuri.

Rubutun nan shi ne taswirar da za a yi aiki da ita ranar da aka samu sararin tono, kuma yana dogara ne da mutanen da suka san dajin: bulama, mafarauci, ɗan sa-kai, makiyayi, direban da ya san kwanar da motar gabansa ta tashi. Da yawansu suna warwatse a Maiduguri da Diffa da sansanin Minawao na Kamaru, wasu sun tsufa, wasu sun rasu da abin da suka sani. Tun daga 2021 gwamnatin Borno ta rufe sansanonin da ke Maiduguri tana mayar da mutane garuruwansu, kuma wanda ya koma gida da damina a gabansa ba zai jira ayarin bincike ba kafin ya fita neman inda zai shuka gero.